Yadda Ake Tsara Makon Aiki a Legas da Shafin Ajanda na Manhajar Ayyuka

Duk wanda ya taɓa sauke manhajar tsara ayyuka a wayarsa ya san yadda abin yake kasancewa. A kwanakin farko mutum yana zuba duk abin da ya faɗo masa a rai, daga biyan kuɗin hayar shago har zuwa kiran dillali a kasuwar Mile 12, kafin wata ya zagayo jerin ya yi tsawon da ido ba ya son kallonsa, daga nan sai a daina buɗe manhajar gaba ɗaya. Dalilin hakan a fili yake: jerin ayyuka yana nuna wa mutum abin da ke wuyansa ne kawai, ba ya nuna masa yaushe zai yi shi, ba ya kuma nuna masa ko ranar da ya ɗora wa aikin tana da sauran fili. Wannan giɓin shi ne shafin ajanda yake cikewa, domin yana ɗauko duk aikin da aka sa wa kwanan wata ya jera shi ƙarƙashin ranarsa, Litinin da nata, Talata da nata, har mako ya bayyana a gaban mutum a allo guda.

Kusan kowace sananniyar manhaja tana da irin wannan shafi, sai dai sunan da ke kan allo ya bambanta. A Todoist an rubuta masa Upcoming, a Microsoft To Do kuwa Planned ne, a Google Calendar ana kiransa Schedule, kuma ayyukan da aka rubuta a Google Tasks suna fitowa a cikinsa idan an sa musu rana. Masu aiki da Emacs, wata manhajar rubutu ta kwamfuta, suna da Org-mode, wanda masanin taurari Carsten Dominik ya fara ƙirƙira a 2003, kuma ajandarsa ta mako tana cikin mafi inganci duk da cewa koyonsa yana buƙatar haƙuri. Ba na ganin akwai amfanin ɓata lokaci wajen zaɓe. Wadda ke cikin wayarka ta wadatar, muddin tana nuna kwana bakwai a jere kuma tana barin ka ɗauke aiki daga wata rana zuwa wata. Abu ɗaya da ya kamata ka gyara tun farko shi ne ranar da mako yake farawa a cikin saitin manhajar, ta zama Litinin idan ma'aikacin ofis ne kai, domin kwanakin aiki su zauna a haɗe.

Zaman tsara mako

Ka ware kamar minti 40 sau ɗaya a mako, a rana ɗaya da ba ta canzawa. Mutane da yawa suna zaɓar daren Lahadi, amma ni na fi ganin alfanun yammacin Juma'a bayan La'asar, saboda a lokacin ofisoshi ba su gama tashi ba, kuma idan kana da ganawa ranar Litinin kana iya ɗaukar waya ka tabbatar da ita nan take. Ɗan kasuwar da ke fita har ranar Asabar sai ya mai da zaman yammacin Asabar.

Abin farko a zaman shi ne tattarawa. Ayyukan mutum a Legas ba a wuri ɗaya suke taruwa ba: wasu suna cikin saƙon murya na WhatsApp, wasu a imel, wasu a bayan rasit, wasu kuma alkawari ne da aka ɗauka da baki a ƙofar masallaci. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka shigar da su cikin manhajar ba tare da ka sa wa kowanne rana ba tukuna. Ka kuma kula da yadda kake rubuta su. Idan ka rubuta "maganar kwantena", babu abin da zai sa ka motsa idan ranar ta zo, domin ba ka faɗi abin da hannunka zai yi ba. Ka rubuta "kiran wakilin fito da kaya a ji ko an biya kuɗin kwastam", ko "tura hoton takardar kaya ga mai gida". Aikin da ya fi ƙarfin zama ɗaya, kamar haɗa rahoton ƙarshen wata, a raba shi gida-gida, kowane ɓangare da nasa layin.

Ranar yin aiki da ranar cikar wa'adi

A nan ne mafi yawan tsare-tsare suke rushewa, don haka zan ɗan daɗe a kai. Kowane aiki mai muhimmanci yana iya samun kwanan wata iri biyu. Akwai ranar da wa'adinsa yake cika, wadda ba kai ka sa ta ba kuma ba ka da ikon ɗaga ta, akwai kuma ranar da kai da kanka ka yanke cewa za ka zauna ka yi shi. Idan aka haɗa su suka zama abu ɗaya, ajanda za ta riƙa nuna maka aiki ne a ranar da ya kamata a ce an riga an gama shi.

A ce wata mai kula da asusun wani ƙaramin kamfani ce a Ikeja. Harajin da ake cirewa daga albashin ma'aikata ana son ya isa hukumar haraji ta jiha zuwa ranar 10 ga watan da ke biye, bayanan harajin VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan kayan da aka sayar, kuma su isa hukumar haraji ta tarayya zuwa ranar 21. Idan ta rubuta aikin a kan ranar 10 kaɗai, to ranar 10 da safe ne zai bayyana mata, a lokacin da wataƙila manajan da zai sa hannu yana Abuja, ko kuma shafin banki ya ƙi buɗewa. Abin da ya dace shi ne ta sa "haɗa lissafin harajin albashi" a ranar 5, "karɓo sa hannu da tura kuɗi" a ranar 7, ranar 10 kuma ta tsaya a matsayin iyaka da ake hange daga nesa. Haka yake ga wanda ke da kwantena a tashar Apapa ko Tin Can: ranar da kwanakin da ake barin kwantena ba tare da biyan kuɗi ba suke ƙarewa, kuɗin jinkiri ya fara hawa, wa'adi ce, amma bin takardu da neman motar ɗaukar kaya ayyuka ne da suke buƙatar ranakunsu tun kafin nan, musamman tun da aka kawo tsarin Eto a 2021, wanda ya sa manyan motoci sai sun samu izini ta intanet kafin su tunkari tashar.

Org-mode ya raba waɗannan ranaku biyu tun asali, kuma idan ba a canza saitinsa ba yana fara nuna wa'adi a ajanda tun saura kwana 14. A manhajar da ba ta da gurbi biyu, sai ka sa ranar da za ka yi aikin a gurbin kwanan wata, ka rubuta wa'adin a cikin sunan aikin, misali "haɗa bayanan VAT, wa'adi 21 ga wata". Ta haka duk lokacin da ka yi niyyar ɗaga shi za ka ga iyakar da ba za ka ƙetare ba.

Akwai kuma abin da ke biye da wannan, wanda nake ganin ya fi kome wuyar karɓa ga sabon mai amfani da manhaja: ba kowane aiki ne ya cancanci kwanan wata ba. Sa wa aiki rana alkawari ne da mutum ya ɗaukar wa kansa. Gyaran fanka, sabunta hoton shafin kasuwanci da neman sabon mai ɗinkin buhu duk ayyuka ne na gaske, amma idan babu abin da zai lalace don an bar su zuwa wani makon, su zauna a wani jeri na daban da babu rana a kansa, a riƙa leƙa shi a zaman mako ana ɗauko ɗaya ko biyu idan an ga fili. Ajandar da aka cika da abin da ba dole ba takan koya wa mai ita raina ta, kuma ranar da ya fara tsallake layi biyar ba tare da damuwa ba, to zai tsallake na shidan da yake da hatsari.

Fara da abin da ba ya motsi

Bayan an tattara an kuma tantance, sai a buɗe shafin ajanda a fara zuba abubuwan da lokacinsu a kafe yake: taron ofis, ganawar da aka riga aka tsayar, kai yara makaranta da ɗauko su, ranar asibiti. Sallar Juma'a ta shiga nan da cikakken lokacinta, wato har da tafiya da dawowa, domin wanda zai je Babban Masallacin Legas da ke titin Nnamdi Azikiwe daga wani ofis a Victoria Island ya san ba maganar rabin awa ba ce. Safiyar Alhamis ma tana da nata hukuncin, tun da a kasuwannin Legas da yawa ba a buɗe shaguna sai ƙarfe 10 saboda tsaftar muhalli, don haka duk sayayyar da aka sa a ƙarfe 8 na ranar an sa ta ne a kan ƙofa rufe. Wannan safiyar ta fi dacewa da aikin takardu da kiran waya.

Wanda ke hulɗa da ƙasashen waje ya tuna da bambancin agogo tun a wannan matakin. Dubai tana gaban Legas da awa 3, Guangzhou ta ƙasar Sin kuma da awa 7, ke nan ƙarfe 10 na safe a Agege ƙarfe 5 na yamma ne a can, lokacin da ofis yake shirin tashi. Saƙon da ake son amsarsa a ranar dole ya fita bayan Asuba. A kwamfuta Google Calendar yana barin a ƙara agogon wani gari a gefen na gida, kuma hakan yana rage kuskuren lissafi.

Hanya ma aiki ce

Manhajojin nan an gina su ne bisa zaton cewa mutum yana zaune a tebur guda, yana gama wannan ya kama wancan. Makon mazaunin Legas ba haka yake ba. Wanda ke kwana a Agege, yana da mu'amala a Alaba Rago ta wajen Ojo, yana kuma da takardar da zai kai Alausa da wata da zai karɓo a Tsibirin Legas, babban abin da ke cin makonsa shi ne titi. Gadar Third Mainland kaɗai ta kusa kai kilomita 12, kuma kowa ya san yadda take da safe ga mai shiga Tsibiri da yadda take da yamma ga mai fitowa. Achaɓar da a da take fitar da mutum daga gosulo an hana ta a ƙananan hukumomi irin su Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa da Tsibirin Legas tun watan Yuni na 2022, don haka wanda ya makara a waɗannan wuraren ba shi da wannan mafitar.

Saboda haka ka sa wa kowane aikin fita alamar wurinsa. Yawancin manhajoji suna barin a liƙa wa aiki lakabi, idan kuma taka ba ta bari, sai ka fara sunan aikin da sunan unguwar: "Apapa: karɓo takardar sakin kaya", "Tsibiri: biyan mai yadi a Balogun", "Ikeja: kai waya gyara a Computer Village". Da zarar ka yi haka ka dubi makon, za ka ga ayyukan Tsibiri uku sun warwatse a Litinin da Laraba da Juma'a ba tare da wani dalili ba sai don haka ka rubuta su. Ka janyo su su haɗu a rana ɗaya. A Todoist ana yin haka ta hanyar danne aikin da yatsa a ja shi zuwa ƙarƙashin wata ranar, a sauran kuma ta canza kwanan watan. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma wanda ya sa Apapa da safe, Lekki da rana, Agege da La'asar, zai iya ƙare yinin bai gama ko ɗaya yadda ya kamata ba. Shawarata ita ce kowace rana ta samu yanki guda, a kuma bar aƙalla rana ɗaya a mako da babu fita a cikinta sam, don aikin da ke buƙatar natsuwa.

Ita kanta tafiyar a rubuta ta a ajanda da lokacinta. Idan ganawa ƙarfe 10 ce a Marina, layin da ke samanta ya zama "fita daga gida", da awar da ka san hanyar tana ci a irin wannan lokacin, ba wadda take ci ranar Lahadi ba, kuma tunatarwar waya ta kasance a kan lokacin fita. Jiragen ƙasa na cikin gari sun sauƙaƙa wannan lissafin ga waɗanda hanyarsu ta dace: Blue Line tsakanin Marina da Mile 2 ya fara ɗaukar fasinja a Satumbar 2023, Red Line kuma daga Agbado zuwa Oyingbo, ta Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba, ya fara a Oktoban 2024. Jirgi yana da lokacin tashi, saboda haka ka duba jadawalin da ake bi a yanzu ka gina safiyarka a kansa, ka kuma sa duba kuɗin da ya rage a katin Cowry, katin biyan kuɗin jirgi, cikin ayyukan zaman mako. A tsakiyar damina, musamman watannin Yuni da Yuli, ka ƙara wa kowace tafiya lokaci, ka kuma ajiye wasu ayyukan waya da za a iya yi a zaune idan ruwa ya tsare ka ko titi ya cika.

Auna nauyin kowace rana

Yanzu sai a koma kan ayyukan zaune. Daga ƙarfe 8 na safe zuwa 5 na yamma awa 9 ne a lissafi, amma idan aka cire Azahar da La'asar da cin abinci da taro da baƙon da ya shigo ba sanarwa, wanda kuma ba a korar sa, abin da ya rage bai kai haka ba. Ni dai ba na ba kowa shawarar ya tsara fiye da awa 5 na aikin gaske a ranar ofis, a ranar fita kuwa awa 2 ma sun isa. Ka rubuta kiyasin lokaci a gefen kowane babban aiki, ka tara na kowace rana, duk ranar da ta haura sai ka sauke mata kaya zuwa wata ko ka mai da aikin jerin marasa rana. Daga cikin abin da ya rage ka zaɓi guda ɗaya, ko biyu idan ya zama dole, ka ba shi alamar fifiko mafi girma. Todoist yana da matakan fifiko 4, mafi girmansu da launin ja, sai dai idan rabin ayyukan ranar suka zama ja, launin ya daina gaya maka kome.

Aikin da ke buƙatar wuta da intanet mai ƙarfi, kamar taron bidiyo ko tura manyan fayiloli, a sa shi a lokacin da aka fi samun wuta a unguwarku ko lokacin da janareton ofis yake aiki.

Akwai nau'in aikin da ba a hannunka yake ba, kana jiran wani ne: kuɗin da abokin ciniki ya ce zai turo, motar tumatir da ta taso daga Arewa, takardar da ke teburin wani jami'i. Kada ka sa irin wannan a ajanda da sunan abin da kake jira, domin ba za ka iya cewa ka gama shi ba. Ka sa naka ɓangaren, wato bibiya: "tuntuɓar Alhaji kan cikon kuɗi" ranar Laraba, tare da rubuta ranar da aka yi alkawarin a ƙasansa. Wannan ɗan bayanin yana taimakawa wajen yin magana cikin ladabi da hujja, ba tare da mutum ya dogara da tunaninsa ba.

Ayyukan da ke maimaituwa a saita su sau ɗaya su riƙa dawowa da kansu, amma a lura da iri biyu da ke cikinsu. Albashi da haraji da kuɗin haya suna bin kalanda ne, ko an makara ko ba a makara ba ranarsu ta gaba tana nan inda take. Canza man janareto ko zagayen gaishe da manyan abokan ciniki kuwa ya fi kyau a ƙirga shi daga ranar da aka yi na ƙarshe. Todoist da Org-mode duk suna da hanyar bambance waɗannan biyun, kuma wanda bai bambance ba zai ga aikin da ya yi jiya a makare ya sake tsaya masa gobe.

Tafiyar da makon

Da safe ka dubi ranar yau kaɗai, da dare kuma ka ɗauki minti biyar ka dubi gobe, domin a nan ne za ka tuna cewa akwai fayil da ya kamata ya kwana a jaka. Microsoft To Do yana da shafin My Day da yake share kansa kowane dare, wanda hakan yake tilasta wa mutum ya sake zaɓar ayyukan ranarsa kowace safiya daga cikin abin da ya tsara. Sabon aikin da ya faɗo a tsakiyar mako kada a jefa shi kan yau kai tsaye. A buɗe ajanda a ga inda yake da fili, idan kuma lallai yau ne, to a zaɓi wanda zai sauka ya ba shi wuri. Wannan yana da amfani har a gaban mai gida: idan ya ƙaro aiki, maimakon a amsa da "to" a kuma kasa, ana iya nuna masa abin da ke kan ranar cikin girmamawa a ce, "Ranka ya daɗe, wanne za a fara gabatarwa?"

Ayyukan da ranarsu ta wuce ba a yi ba suna taruwa a saman shafin, sau da yawa da jan rubutu, kuma wasu manhajoji suna da maɓalli guda da ke kwashe su duka ya zuba a kan yau. Ina roƙon mai karatu ya guji wannan maɓallin. Kowane aikin da ya makara a tsaya a kansa a tambayi dalili. Idan girma ya yi, a raba shi. Idan wani ake jira, a mai da shi bibiya. Idan lokaci ne bai samu ba, a nemo masa ranar da take da fili na gaskiya. Wanda aka ɗaga sau uku kuwa, a cire masa rana gaba ɗaya ko a miƙa shi ga wani, domin ya riga ya nuna cewa a yadda yake ba zai yiwu ba.

Hutun gwamnati mai tsayayyar rana, kamar 1 ga Mayu da 12 ga Yuni da 1 ga Oktoba, ana iya shigar da shi tun farkon shekara. Na Sallah ƙarama da babba da na Maulidi kuwa ya danganta da ganin wata da sanarwar gwamnati, don haka a makon da ake sa ran su kada a ɗora wa kwanaki biyun da ake kokwanto a kansu wani aikin banki ko na ofishin gwamnati, a janyo shi baya zuwa farkon mako. Wanda zai tafi gida Arewa yin Sallah ya sa neman mota ko tikitin jirgi a ajanda tun da sauran makonni, ya kuma rubuta a ranar aikinsa ta ƙarshe sunan wanda zai riƙe masa shago ko tebur, da jerin abin da zai damƙa masa kafin ya kama hanya.